Yaro Mai Tatata, Bikin Gida Da Ratsen Yankari

Da zarar watan Disamba ya kama, sai a ga tashoshin mota na Jos da Kaduna da Abuja sun cika maƙil, kowa ya ɗaure kaya za shi gida Kirsimati, ga kuma bukukuwan aure da muke tarawa a wannan wata domin a lokacin ne dangi suke haɗuwa. Masu zuwa Gombe ko Billiri ko Kaltungo kuwa, wasunmu sukan ce tun da hanya ta bi ta Dindima, bari a ratsa Yankari a nuna wa yara namun daji. Ba mu ƙi wannan ba. Amma muna da magana a kan ƙaramin cikinsu, ɗan shekara ɗaya zuwa uku, wanda ba a shawara da shi, ba shi kuma da bakin faɗin damuwarsa sai kuka.

Kai yaro gida ya zama dole a ganinmu. Kakarsa ta yi shekara tana jin muryarsa ta waya, ya kamata ta goya shi, 'yan'uwan ubansa su san fuskarsa, a shiga da shi majami'ar da aka ɗaura auren iyayensa. Wahalar hanyar nan tana da dalili. Ratsen Yankari kuwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya, marmarinmu ne mu manya. Ɗan shekara biyu ba zai tuna da giwa ba. Saboda haka idan lokaci ya ƙure, yawon ne ya kamata ya sauka, ba barcin yaron da abincinsa ba.

Yankari wuri ne da ya cancanci ziyara. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, sa'an nan a 2006 ya koma hannun Gwamnatin Jihar Bauci. Faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 2,200, yana kuma riƙe da ɗaya daga cikin manyan garkunan giwaye da suka rage a Nijeriya. Sai dai wannan faɗin shi ne abin da masu cewa "za mu leƙa kawai" ba sa lissafawa. Daga Bauci zuwa masaukin Wikki ya fi kilomita 100, bayan an shiga ƙofa a Mainamaji ma akwai sauran tafiya mai tsawo cikin daji. Motar kallon namun takan fita da sassafe da kuma la'asar, domin da tsakar rana dabbobi suna cikin inuwa. Iyalin da suka taso daga Jos da hantsi za su isa ne rana na tsaka, yaro ya galabaita, su yi ta jira, su yi kallo, sa'an nan su kama hanyar Gombe da dare. Tafiyar dare kuwa da ƙaramin yaro, a makon da hanya ta fi cika, ba abin da za mu yi wa kowa fata ba ne.

Wanda ya nace sai ya je, to ya kwana. Ya fi kyau ma a bari sai a komowa, bayan an gama biki, babu mai jira da tukunya a kan wuta.

A can ɗin ma ido ba ya hutawa. Ruwan Wikki yana da ɗumi kimanin digiri 31 dare da rana, garau yake har ana ganin yashin ƙasa, wannan ne kuma yake ruɗin mutane su ɗauka ba shi da zurfi, alhali akwai inda yakan shanye babban mutum. Kada a ce yayarsa 'yar shekara takwas ta duba shi. Babba ɗaya ya riƙe shi da hannu, kowa kuma ya san wane ne. Ga gwaggon biri da suka saba da mutane a masaukin. Mun taɓa gani da idonmu wani ya fizge burodi daga hannun wata yarinya, uwar tana can tana ɗaukar hoto. Allah ya kiyaye bai cije ta ba, amma har aka bar wurin ba ta yarda ta sauka daga baya ba. Abinci a ci shi a ɗaki, a rufe ƙofa.

Abin da ya fi kwantar da yara bayan irin wannan tafiya ba namun daji ba ne, gudawa ce da zazzaɓin cizon sauro. A wurin biki kowa yana so ya nuna ƙauna, wannan ta ba shi zoɓo, waccan ta ba shi kunun zaƙi, ba wanda ya san da wane ruwa aka dama. Uwa ta riƙe ruwan yaronta da ƙullin gishiri da sukari na ORS, ta kuma iya cewa "Mama, na gode, ya ƙoshi" ba tare da jin kunya ba. Gidan sauro ba shi da nauyi a jaka, rigar sanyi ma haka, gama hunturun asuba a budaɗɗiyar mota ba wasa ba ne.

Ku kuma iyayenmu maza masu tuƙi, wurin yaro kujerar baya ne, a ɗaure, ba cinyar uwarsa a gaba ba. A tsaya duk bayan sa'a biyu ya taka ƙasa ya sha ruwa, ko da Baba yana ta bugo waya daga Kaltungo yana tambaya ina aka kai.