Zazzabin Akuya: Kada Mu Jira Sai Ta Kwanta

Daga Kawo zuwa Tudun Wada, gidaje da yawa a Kaduna suna da akuya ɗaure. Ita ce asusun talaka: kuɗin makarantar yara, kuɗin asibiti, naman Kirsimati ko Salla. Amma annobar awaki da tumaki, wato PPR, tana iya share garke cikin mako biyu.

Alamarta ta fari zazzabi ne. Ana sa ma'aunin zafi a duburar akuya na minti biyu. Mai lafiya tana kusa da digiri 39. In ya wuce 40, ga majina, gyambon baki da zawo, a ware ta, a ba ta ruwa, a kira likitan dabbobi. Kafso ba ya kashe wannan cuta. Sabuwar akuya daga kasuwa kuma a ware ta mako uku.

A 2015 duniya ta ɗau alkawarin kawar da cutar kafin 2030. Cibiyar Vom tana yin allurar rigakafinta. An gama da bushiyar shanu a 2011, saboda haka abin mai yiwuwa ne. Muna kira ga hukuma ta kawo allurar unguwa-unguwa, mu kuma mu fito da awakinmu.