Raddi ga masu cewa Faransawa ne suka raɗa wa Tenere suna

 Wata magana tana yawo a bakin wasu 'yan boko, wai sunan Tenere, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke gabas da duwatsun Azbin, ya samo asali daga kalmar da Faransawa ke kiran ƙasa da ita. Wannan kuskure ne, kuma bai kamata a bar shi ya zauna ba.

Suka ce: a taswira, da alamomin rubutun Faransanci aka rubuta shi. Amsa: haka aka yi wa Tawa da Maraɗi, kuma babu mai cewa Bature ne ya raɗa musu suna.

Suka ce: lafuzan biyu sun yi kama. Amsa: kama da wane ba ta wane. Tenere kalmar Tamajak ce tsantsa. Harafin "t" na farkonta alamar tamata ce a harshen Abzinawa, kamar yadda yake a Talak, filin yumɓun da ke yamma da Azbin. Jam'inta tinariwen, sunan da fitattun mawaƙan nan na arewacin Mali suka ɗauka. Kalmar da ke da jam'inta na gida, ake kuma faɗinta tun daga Timiya har Kidal, ba baƙuwar jiya ba ce.

Suka ce: Turawa ne suka fara sanin iyakarta. Wannan ce ta fi ciwo. Tun kaka da kakanni Abzinawan Kel Ewey suke ɗaure raƙuma bayan damina, su keta Tenere zuwa Fachi da Bilma, su kai gero su ɗauko kantu da dabino, sannan su gangara Damargu da ƙasar Hausa. Mutanen Timiya ba su daina ba har yau. Baturen nan Heinrich Barth ma a ayarin gishirin Kel Ewey ya baro Azbin a ƙarshen 1850, fiye da shekara 50 kafin sojan Faransa su zauna a Agadas. Ashe madugun da ke ƙirga rijiyoyin hanya bai san sunan ƙasar da yake takawa ba?

Ma'anar kuwa, ba "inda babu komai" kaɗai ba ce, kamar yadda ake gaya wa masu yawon buɗe ido. Ta fi kusa da abin da Bahaushe ke cewa daji: duk inda ya fita daga gari da zango. Da yake wannan dajin ya fi kowanne girma da tsanani, sai sunan ya liƙe masa.

Sunan na Abzinawa ne, haruffan taswira kaɗai ne na Faransa. Malaman makaranta su karantar da shi haka.