Darasin adabin Birtaniya a digiri na biyu: A rubuta wa ɗalibi ƙa'idojin tun ranar farko

Duk wanda ya nemi digiri na biyu a adabin Ingilishi a jami'o'inmu, da wuya ya tsallake adabin Birtaniya na ƙarni na 19, inda zai haɗu da su Charles Dickens da George Eliot. Littattafan ba su da laifi. Abin da ke damuna shi ne ɗalibi ya biya kuɗi, ya fara shiga aji, amma bai san me ake so da shi ba sai jarrabawa ta ƙarato.

Ɗauki malamin sakandare a Jahun da ke son ƙaro karatu a Dutse ko Kano. Yana da aji da safe, ga iyali, ga kuɗin mota. Galibin jami'o'i na neman ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na darussa kafin ya zauna jarrabawa. Doka ce mai kyau, amma idan malami zai ɗage darasi ta WhatsApp bayan ɗalibi ya riga ya hau mota, ta zama mai cin ɓangare ɗaya. Shi ya sa nake ganin a ranar farko a miƙa wa kowa takarda mai ɗauke da littattafan da za a karanta, ranar miƙa kowane aiki, yadda za a raba maki, da hukuncin satar rubutu. Ta ɗaure ɗalibi, ta ɗaure malami.

Sai yawan littattafai. Bleak House na Dickens babi 67 ne, kuma kashi-kashi ya riƙa fitowa duk wata daga 1852 zuwa 1853. Mutanen Landan kansu sai da suka shafe fiye da shekara ɗaya da rabi suna binsa. Malamin da ya jero irinsa goma a zango ɗaya ya san taƙaitawar intanet za a karanta masa. Gara huɗu, amma daga bango zuwa bango. Uzurin tsada ma ya faɗi, tunda ana sauke su kyauta a waya daga Project Gutenberg.

Wani zai ce me ya haɗa ɗan Jigawa da hazon Landan? A cikin Bleak House ɗin nan akwai Misis Jellyby, wadda ta bar 'ya'yanta cikin dauɗa tana fafutukar kafa gonar kofi a bakin Kogin Kwara. Dickens na yi wa masu irin wannan tausayin na nesa ba'a ne, bayan ayarin da Ingila ta turo kogin a 1841 ya sha kashi a hannun zazzaɓi. Taƙaitawa kan wuce ta da layi ɗaya, alhali mu ake zance. Turawan da suka ci Kano a 1903 da Haɗeja a 1906 a zamanin waɗannan littattafai suka taso, kuma a ciki ake ganin irin kallon da ƙasarsu ke yi mana. Nana Asma'u ta rasu a 1864, shekara shida kafin Dickens. A ba ɗalibi damar ɗora rubutun Sakkwato kusa da na Landan na lokaci guda, a ba shi maki cikakke a kai.

Batun ChatGPT kuwa, haramta shi da baki ba zai hana kowa ba. Duk wanda ya miƙa takarda a zaunar da shi minti goma, littafin a buɗe gabansa, ya nuna shafin da ya samo hujjarsa. Wannan sharaɗin ma a sa shi a takardar ranar farko, kada a ɓullo da shi a makon jarrabawa.