Mu Koyi Turanci: "I sell" ko "I am selling"?



Kwanan baya wani yaro ɗan maƙwabcina a Nima ya je neman aiki a wani ofis. Mai ganawa da shi ya tambaye shi, "What do you do?" Yaro ya dubi kansa, ya ga ba abin da yake yi sai zama a kujera, sai ya ce, "I am sitting." Aka bushe da dariya, aikin kuwa bai samu ba. Sana'arsa ake tambaya, domin "do you do" siga ce ta abin da mutum ya saba yi, wadda malaman Turanci ke kira present simple.

Mu Hausawa muna da irinta, wato "nakan". Nakan je masallaci da asuba: "I go to the mosque at dawn." Sai dai a bakinmu "ina sayar da goro" tana ɗaukar ma'ana biyu, ko sana'ata ke nan, ko yanzu haka ina kan ciniki. Bature ya raba su. Ɗan kasuwar Kumasi da goro ne abincinsa zai ce "I sell kola." Idan kuwa ka same shi yana ƙirga wa mai saye, a nan ne "I am selling kola" ta dace.

Inda na fi ganin yaranmu suna faɗuwa, har masu shirin jarrabawar BECE, shi ne wurin ƙaramin harafin nan "s". A Hausa wakilin suna ke canzawa, nakan sayar, takan sayar, aikatau bai motsa ba. A Turanci idan mai aikin ɗaya ne, he ko she ko it, sai aikatau ya ɗauki "s": "She sells waakye." Go ta koma goes, carry ta koma carries, have ta koma has. Amma da zarar does ta shigo, ta riga ta ɗauke nauyin. Sai a ce "Does she sell?" da "She doesn't sell." Wanda ya rubuta "Does she sells" ya biya kuɗin mota sau biyu.

Akwai kuma kalmomin da ba sa son "ing". "Ina da mota" ba "I am having a car" ba ce, ko da yake kullum muna jin haka a tasha. "I have a car" ake cewa. "Na san shi" kuwa "I know him" ce, kada "na" ta ruɗe ka ka ce "I knew him", mai ji zai ɗauka mutumin ya rasu ko kun rabu.

Ga aikin wannan wata. Ku juya waɗannan zuwa Turanci, ku aiko mana: Ladi takan dafa tuwo da yamma. Babana ba ya shan shayi. Motar Tamale takan tashi da ƙarfe 6?

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.