Folish Ba Ya Kare Fentin Mota, Cinye Shi Yake Yi

Ana saura kwana biyu Babbar Sallah yayana ya kai motarsa wani wurin wankin mota a nan Kwanar Dangora, ya ce a yi mata folish na inji. Corolla ce baƙa, 'yar Kwatano, shekara huɗu ke nan a hannunsa, kuma babu Sallar da ta wuce ba a yi mata haka ba. Ta fito tana ɗaukar ido, har na ɗauki hotonta na sa a sitatus. Kafin hunturu ya fita, rufinta da saman bonet suka fara yin fari-fari kamar mai ƙyasfi, daga baya wurin ya soma ɓarewa. Da ya kai wa mai fenti, amsa ɗaya ya samu: babu gyara, sai dai a kankare a sake feshi. Kuɗin da aka yanka masa ya ninka duk abin da ya kashe wajen folish ɗin shekara huɗun.

Na san wani zai ce me ya haɗa shafin waya da na'urori da wankin mota. Ka bi ni a hankali, domin kuskuren da ya ci fentin yayana shi ne dai wanda ke cin gilashin wayoyinmu, kuma da wayar da ke hannunka za ka iya gano shi kafin ya ci naka.

Matsalar daga suna ta fara. A bakinmu duk abin da aka shafa wa mota ta yi ƙyalli sunansa folish. Amma abubuwa biyu ne, kuma aikinsu kishiyar juna ne. Folish na gaskiya, da yayansa da masu fenti ke kira kwamfawun, ƙananan ƙwayoyi ne masu kaushi a cikin ruwa-ruwa, aikinsu su kankare saman fenti har ya daidaita da zurfin ƙarzanen da ke jiki, sai ƙarzanen ya ɓace. Wakis kuwa kaki ne, ba ya cire komai, shimfiɗa ce siririya da ake ɗorawa a sama don rana da ruwa da datti su same ta kafin su sami fentin. Duk wanda ya ce maka zai yi wa motarka folish don ya kare ta daga rana, ko bai san abin da ke cikin gwangwanin ba, ko kuma wakis yake nufi.

To nawa ne ma ake da shi da za a rage? Fentin mota na zamani hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai hana tsatsa, sai firaima, sai launi, sannan a sama a fesa wani mara launi mai sheƙi, wanda masu fenti ke ce wa kiliya. Tun wajen shekarun 1980 kamfanonin motoci suka koma wannan tsari. Duk hawan nan idan aka haɗa su, a motar da ta fito daga kamfani, kaurinsu yana tsakanin maikiron 100 zuwa 150 ne. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Takardar A4 da ake buga takardun makaranta da ita kaurinta wajen maikiron 100 ne. Kiliya ita kaɗai yawanci ba ta wuce 40 zuwa 50 ba, wato ba ta wuce rabin takardar nan ba. Ita ce ke ɗauke da sinadarin da ke tare hasken rana mai ƙona launi, ita ce kuma injin folish ke ci.

Kowane zagaye na inji yana tafiya da maikiron kaɗan, idan mai yin ya iya. Idan kuwa kwamfawun mai kaushi aka sa, da soso mai gashi, da inji mai gudu ɗaya, a hannun yaron da ke sauri saboda motoci biyar na jira, abin da zai tafi ya fi haka, musamman a gefuna da kusurwoyi inda fentin ya fi siranta tun asali. Masu wannan sana'a da suka san ta suna kiyaye kada su cire fiye da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kiliyar a duk rayuwar motar. Yanzu ka lissafa na yayana: Sallah biyu a shekara, shekara huɗu, sau takwas ke nan. Ba a ma sa wanda aka yi mata a ƙasar da ta fito ba, da wanda dillali ya sa aka yi mata don ta burge mai saye. Mu da ke rubuta manhaja mun saba, idan ka yi kuskure sai ka danna ka koma baya. Kiliya ba ta da wannan maɓallin.

Yanzu ga inda waya ta shigo. Ɗauko kwalin sikirin-gad ɗin da ka saya, za ka ga an rubuta 9H da manyan baƙaƙe. Haka za ka gani a jikin kwalaben siramik da ake tallatawa a TikTok da Instagram cewa idan aka shafa wa mota ba za ta ƙara ƙarzanewa ba. Mutane da yawa sun ɗauka 9 ɗin nan daga ma'aunin taurin duwatsu ne, wanda Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, mai hawa 10, lu'ulu'u a ƙololuwa. Ba shi ba ne. Ma'aunin fensir ne, irin HB da 2B da muka yi jarrabawa da su. 9H na nufin fensir mai taurin 9H bai ƙarzane abin ba, shi ke nan. A ma'aunin Mohs gilashin waya yana wajen 6 ne, fentin mota kuwa ya yi ƙasa da haka sosai. Ƙwayar yashi, wadda masana ke kira kwaz, tana kan 7. Shi ya sa makulli a aljihu ba kasafai yake yi wa gilashin waya komai ba, amma ƙwayar yashi ɗaya tak ta ja masa layi.

Mu kuwa a cikin yashin muke kwana muke tashi. Ƙurar hunturu da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa wajen Maris, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta, kuma akwai kwaz a ciki. Ƙara da ta gida. Kwanar Dangora mahaɗa ce, titin Kano zuwa Zariya ya ratsa ta, daga nan kuma hanyar Tudun Wada ta balle ta bi dajin Falgore ta nufi Jos. Tireloli ba sa yankewa dare da rana. Wanda ya shiga ƙauyukan Kiru ko Doguwa kuma ya dawo da jar ƙasa har cikin kunnen madubi. Ka ajiye mota da safe, kafin la'asar za ka iya rubuta sunanka a jikinta da yatsa. (Kada ka rubuta. Wannan ma ƙarzane ne.)

Abin da ya fi ɓata fenti a wajenmu shi ne busasshen tsumman da ake kaɗe ƙura da shi kowace safiya. Direba ya fito, ya ɗauko tsohuwar singileti daga but, ya bi motar da ita sai ta yi fes. Abin da ya yi a zahiri shi ne ya goga mata yashi da hannunsa. Na biyu bokiti ɗaya na wurin wanki, wanda aka wanke taya da shi sannan aka tsoma soson aka hau ƙofa. Na uku omo. Garin sabulun wanki an yi shi ne don ya narkar da maiƙo, saboda haka wanki ɗaya ko biyu ya isa ya tafi da wakis ɗin da ka biya kuɗi aka shafa. Sai motar ta dushe, sai a ce tana buƙatar folish, sai inji ya sake cin wani hawa. Haka ake ta zagayawa har a kai ga inda yayana ya kai.

Idan kana son ganin aikin tsumman nan, ka jira bayan magariba, ka kunna tocilan wayarka, ka haska ƙofar baƙar mota daga kusa. Za ka ga layuka sirara suna kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Duk waɗannan a cikin kiliya suke. Sannan ka gwada da farce: ka ja shi a hankali a kan wani ƙarzane. Idan bai maƙale ba, folish zai iya share shi. Idan ya maƙale, ya yi zurfin da sai an cinye kiliyar kafin a kai gindinsa, wannan aikin mai fenti ne.

Ba ina cewa folish haramun ba ne. Motar da ta riga ta dushe, wakis ba zai dawo da ita ba, zai ɗan cike ƙananan layukan ne na 'yan makonni su sake fitowa. Irin wannan tana buƙatar a yi mata folish sau ɗaya, da mafi laushin da zai yi aikin, a inuwa, bayan an wanke ta tas. Wanda zai sayar da mota ma yana da hujja. Abin da nake ja da shi shi ne mayar da folish abin kalanda, kamar ɗinkin Sallah. Ban kuma ɗora laifin duka a kan masu wankin ba. Mai mota ne ke zuwa ya ce yana son ta yi ƙyalli yanzu-yanzu, kuma babu abin da ke ba da ƙyallin nan take kamar a kankare sama. Sun sayar masa da abin da ya nema.

Shi ma wakis ɗin yana da nasa rauni, kuma a nan ne ban yarda da bidiyoyin Turawa da ake ta turo mana ba. Wakis na asali daga ganyen wani irin giginya ake samunsa, sunanta karnauba, a arewa maso gabashin Brazil take fitowa. Yana da sheƙi mai kyau, amma ko a ƙasashe masu sanyi wata biyu zuwa uku yake yi. A nan inda zafin Afrilu ke kai digiri 40 a inuwa, kuma bonet ɗin baƙar mota ba ya taɓuwa da tsakar rana, bai kai haka. A ganina wanda ya fi dacewa da mu shi ne na haɗin sinadari, wanda za ka ga an rubuta "sealant" a jikin kwalbarsa. Ya fi jure zafi, yana iya kai wata huɗu zuwa shida, kuma akwai na fesawa da mutum zai yi da kansa cikin rabin awa. Siramik na gaskiya ya fi su daɗewa duka, yana kai shekaru, amma sai an yi folish kafin a shafa shi, yana da tsada, jabunsa ya cika kasuwa, kuma ka riga ka ji labarin 9H ɗinsa. Gane ko kariyar tana nan ba wuya: watsa ruwa a bonet. Idan ya dunƙule ya gangara, tana nan. Idan ya baje ya kwanta, lokacin sabuntawa ya yi.

Gilashin wayarka ma yana da irin wannan shimfiɗa a samansa, mai hana maiƙon yatsa kamawa, ita ce ke sa sabuwar waya santsi. Masu bin dabarar nan ta goge ƙarzanen sikirin da man goge baki, folish suke yi ba su sani ba, domin man yana da ƙwayoyi masu kaushi. Ba za su ci gilashin ba, sun fi shi laushi, amma za su tafi da shimfiɗar. Ƙarzanen yana nan, santsin ya tafi.

Akwai wata 'yar na'ura da nake ganin ya kamata kowane dillalin mota da kowane wurin wanki mai inji ya mallaka, ma'aunin kaurin fenti. Girmanta bai kai ƙaramar wayar Nokia ba, ana samunta a AliExpress da makamantansu, wasu ma suna haɗuwa da waya ta Bluetooth. Ka ɗora bakinta a jikin mota, ta nuna maka lamba a maikiron. A kan ƙarfe da maganaɗisu take aunawa, a kan alminiyom kuma da wata dabarar lantarki, amma masu araha ba sa karanta bamba ta roba. Idan ka ga lambar ta yi ƙasa da 80, kada ka bari inji ya taɓa wurin. Idan wata ƙofa ta nuna 300 ko 400 alhali sauran jiki na wajen 120, an sake mata fenti. Idan ta haura 1,000, fila ce a ƙasa, motar ta taɓa buguwa komai rantsuwar mai sayarwa. Aibinta ɗaya, jimillar duk hawan take ba ka, ba kiliya kaɗai ba, don haka sai ka kwatanta da cikin bakin ƙofa inda ba a taɓa gogewa ba kuma kiliyar ba ta da yawa tun daga kamfani.

Wanki kuwa ba ya buƙatar na'ura. A fara watsa ruwa ya sauke ƙurar kafin hannu ya taɓa. Bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye soso. Taya da nata soson daban. Na san ruwa saye ake yi a wurare da yawa, amma ƙarin jarka ɗaya ne. Kashin tsuntsu da abin da ke zuba daga darbejiya ko mangwaro a jiƙa su a ɗauke a ranar, domin idan rana ta gasa su a jiki suna barin tabo a cikin kiliyar. Kada kuma man birki ya kusanci fenti ko da wasa, narkar da shi yake yi.

Yayana ya sake fentin rufin da bonet. Launin bai zo daidai da na ƙofofin ba, da rana ana gane bambancin, kuma dillalin da ya duba ta kwanaki da wannan ya fara rage masa kuɗi. Singiletin dai na cire ta daga but ɗin da hannuna.