Daga Rumfar Mai Gyaran Rediyo

A ganina, yaron garin Gadaka ba a aji yake fara son kimiyya ba. A rumfar mai gyaran rediyo ne, yana tsugune yana kallon dalma na narkewa, ko ranar da ya bi babansa kasuwar shanu ta Potiskum, ya ga likitan dabbobi ya buɗe bakin bijimi yana duba dasashi. Nan tambaya ke tsirowa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke kashe ta da hadda zalla. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum tana yaye malaman kimiyya da fasaha. A turo mana su da kayan gwaji a hannu, ko da batir ne da waya da ƙwan fitila.