Idan Injin Ya Buga, Wa Ke da Nauyin Kawo Hujja?

Ma'aikacin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko malamin makaranta a Kurfi da ya tara kuɗin shekaru ya sayi mota, yawanci Katsina ko Kano yake zuwa, ya dawo da mabuɗi da rasit da alkawarin baka: "Injin na da garanti." Ranar da injin ya buga ne ake gane cewa kowa da abin da yake nufi da kalmar. Mai saye ya ɗauka an ce masa za a gyara. Dila kuwa zai fara da tambayoyi: wane baƙin mai ka juye, wa ya yi maka sabis, a wane gidan mai ka sha?

Ra'ayina shi ne wanda ya ba da garanti shi ya kamata ya tabbatar da laifin mai mota kafin ya janye alkawarinsa. Shi ke da na'urar gwaji, shi ya san tarihin motar, shi ya karɓi kuɗi.

Abin da ya faru a Amurka ya isa misali. Masu wasu motocin Toyota ƙirar 1997 zuwa 2002 sun yi ta kukan baƙin mai na daskarewa a cikin injin har ya lalata shi. Da farko kamfanin ya ɗora laifin kan rashin juyen mai a kan lokaci, amma a 2007 ya amince da sulhu a ƙarar da masu motocin suka shigar tare. A 2015 kuma Hyundai ya janye Sonata kusan 470,000 ƙirar 2011 da 2012, saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a injin tun daga masana'anta. Irin waɗannan Sonata suna cikin motocin da ake shigo mana da su da sunan 'yan Beljiyam. Idan ɗaya ta buga a hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma, direba za a fara zargi. Ƙasar tana da doka tun 1975 da ta hana kamfani soke garanti don kawai mutum ya kai motarsa wurin bakaniken da ba nasu ba.

Wannan batu na bakanike ya fi damun mu a nan. Sabuwar mota kan zo da garantin shekara uku ko kilomita 100,000, bisa sharaɗin a riƙa sabis a garejin kamfani. Garejin na Kano ko Kaduna ko Abuja. Sharaɗin da cika shi ke buƙatar mutum ya bar aikinsa yini guda, ya ƙona fetur a farashin yau don juyen mai kawai, an rubuta shi ne da sanin mutane da yawa za su karya shi.

Dila ma yana da tasa hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Muna cire tamostat da zarar mota ta iso, wai don zafin Arewa. Muna zuba ruwan rijiya a lagireto, mu bar matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, mu sayi baƙin mai na gwangwani a bakin titi. Ga kuma abin da ba laifin kowannensu ba: a Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya amsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, masu motoci da dama suka yi kukan lalacewar injin. Sai dai duk waɗannan abubuwa suna barin alama, bakanike mai gaskiya zai gan su idan aka buɗe injin a gaban ɓangarorin biyu. A buɗe a gani, kada a yanke hukunci ta waya.

Doka ta fi ƙarfin yadda yawancinmu ke zato. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka gaza ingancin da ya dace cikin wata uku da karɓa, a gyara ko a musanya ko a mayar da kuɗi. Rubutun "ba a dawo da kaya" a ƙasan rasit bai shafe wannan ba. Fiƙihun da kotunan Shari'a na Katsina ke aiki da shi ma ya san zaɓin mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye, kuma fataken shanu sun daɗe da sanin haka.

Inda ƙararraki ke mutuwa shi ne rashin takarda. Cinikin miliyoyi ake ƙullawa a gaban dillali mai jiran la'ada, shi ne kuma shaida ɗaya tilo. Kunya ke hana mu cewa "Alhaji, a rubuta", kamar neman rubutu zargi ne. Layi huɗu sun wadatar a bayan rasit: lambar injin, kilomitan da agogo ya nuna ranar ciniki, kwanakin garanti, da sunan garejin da aka yarda ya buɗe injin idan gardama ta taso.